Mai Gona Ya Dasa, Barewa Ta Zaɓa

Duk wanda ya bi hanyoyin karkara a jihar Pennsylvania ko arewacin New York a Amurka cikin watan Maris, lokacin da dusar ƙanƙara ta fara narkewa, zai ci karo da wani abu mai ban dariya da ban tausayi. Jerin bishiyoyi ne a bakin gida, an dasa su kafaɗa da kafaɗa don su zama katanga. Daga sama kore shar. Daga daidai kafaɗar mutum zuwa ƙasa kuwa babu ko ganye ɗaya, sai ƙirare tsirara, har kana hango mai gidan ta taga yana karin kumallo. Layin da ya raba koren da tsiraicin a miƙe yake ɗoɗar, kamar wanzami ɗaya ya yi wa dukansu aski rana guda. In ka matsa ka kama reshe ka duba bakinsa, a tsattsage za ka gan shi, zaren ɓawo na reto. Wanda ya taɓa kiwon awaki ya san mai wannan aikin. Akuya ba ta da haƙoran gaba a sama, sai dasashi mai tauri, shi ya sa ba ta datse reshe, kamawa take ta fizga. Barewar Amurka ma haka bakinta yake, kuma ita ce wanzamin. Zomo ne ke yanka sumul a karkace, kamar an fere alƙalamin kara.

Barewa muke ce mata don babu sunan da ya fi kusa, amma ba 'yar ɗakin barewar dajinmu ba ce. Ta fi ta girma nesa ba kusa ba, domin namiji a jihohin arewa yakan kai kilo 90 ko fiye. Ƙahon namijin rassa gare shi, kuma duk shekara yake faɗuwa wani ya tsiro. In ta firgita sai ta ɗaga wutsiya, farin cikinta ya bayyana kamar tuta, daga nan ta samo sunanta na mai farar wutsiya.

Wajen shekarar 1900 saura ƙiris a rasa ta. Farauta don kasuwa da sare dazuka sun rage ta zuwa abin da bai wuce rabin miliyan ba a duk faɗin Amurka, har sai da Pennsylvania ta riƙa sayo bareyi daga wasu jihohi tana saki a dajinta. Aka kafa dokoki, aka hana sayar da naman daji, aka hana harbin mata. A 1937 aka sa haraji kan bindiga da harsashi, kuɗin na tafiya ga hukumomin kula da namun daji na jihohi. Kyarkeci da zakin dutse, waɗanda a da su ke rage mata yawa, tuni an ga bayansu a mafi yawan gabashin ƙasar. Ga gonakin da aka bari sun koma kurmi, ga unguwanni masu lambuna sun shiga daji, ita kuwa dabbar gefen daji ce, inda kurmi ya haɗu da fili nan ne aljannarta. Macen da ta ƙoshi tagwaye take haifa kusan kowace shekara. Yau ana ƙiyasta su wajen miliyan 30. An yi nasarar ceto ta, nasarar har ta zama abin kuka.

To a wannan hali ne mutum zai sayi eka goma ko ashirin a karkara, ya ce yana son bishiyar da ba ta kaɗe ganye. Dalilinsa a fili yake. Iskar hunturu daga arewa maso yamma take kaɗawa, tana tara ƙanƙara a hanyar shiga gida, tana cinye makamashin ɗumama ɗaki. Bishiyar da ta zubar da ganye tun Oktoba tsayuwar banza take yi a lokacin da aka fi bukatarta. Mai ganye rani da damina kuwa tana karya iska har nisan da ya ninka tsawonta sau goma, tana kuma rufa wa gida asiri daga titi. Sai dai abin da ya sa mai gona ke son ta, shi ne dai ya sa barewa ke son ta. Daga Disamba zuwa Maris ciyawa na ƙarƙashin ƙanƙara, gonaki an girbe, sauran itatuwa sun zama sanduna. Kore ɗaya da ya rage a duniyar shi ne wanda kai ka sayo da kuɗinka ka jera mata. Hunturunsu shi ne bazararmu: watannin da dabba ke cin abin da a damina ko kallonsa ba ta yi. Kuma a can arewa, inda ƙanƙara ke kai wa gwiwa, bareyi kan taru garke guda a ƙarƙashin irin waɗannan bishiyoyi, don rassansu na tare ƙanƙara da iska. Wanda ya dasa su da yawa ya gina masauki ne, ya kuma haɗa da ɗakin girki.

Tambayar da kowa ke fara yi a wurin masu sayar da dashe ita ce: wacce ce barewa ba ta ci? Akwai amsa, kuma ba ta banza ba ce. Jami'ar Rutgers ta New Jersey, jihar da bareyi suka addaba, tana da jerin tsirrai da ta kasa gida huɗu, daga waɗanda da wuya a taɓa su zuwa waɗanda kullum ake yi wa kaca-kaca. A gidan ƙarshe za ka tarar da farin sida, wanda masana ke kira tuja, wato bishiyar nan da aka yi wa aski a farkon maganarmu. Ita ce kuma aka fi saye don yin katanga, saboda araha da kyan tsayuwa. Ganyenta shimfiɗaɗɗe ne mai laushi, ba ƙaya ba kaifi, kuma tana cikin 'yan itatuwan da barewa za ta iya rayuwa a kansu kaɗai tsawon hunturu. Tare da ita akwai wani itace mai suna taksus, wanda abin mamaki guba ne ga doki da saniya, kaɗan ya isa ya kashe su, amma mai farar wutsiya tana cin sa kamar alewa. Hemlok da balsam da farin fayin, bishiyoyi masu siraran ganye da ba sa kaɗewa, suna tsakiya, suna shan wuya musamman suna ƙanana. A can sama kuwa, cikin waɗanda ba a cika ci ba, akwai holi na Amurka mai ganye da ƙaya a gefe, sannan dangin sufurus, masu gajeren ganye tsaitsaye kamar allura, wanda in ka damƙe reshensa da hannu sai ka saki ba shiri. Jan sida ma yakan tsira, don yana ƙarami ƙaiƙayi gare shi da wari mai ƙarfi.

Ƙa'idar ke nan a taƙaice: kaifi, tauri, ɗaci, da ƙaro mai wari su ke kare bishiya. Amma jerin nan tsarin sha'awa ne kawai, ya nuna abin da za a fara ci da abin da za a bari sai ƙarshe. Bai ce ba za a kai ga ƙarshen ba. Mai son ganin inda wannan magana ta kai maƙura sai ya dubi tsibirin Anticosti.

Anticosti yana bakin kogin Saint Lawrence a lardin Quebec na Kanada, ƙaton tsibiri mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000, mazaunansa ba su kai 300 ba. A 1895 wani attajirin Faransa mai kamfanin cakulan, Henri Menier, ya saye shi ɗungurungum don ya zama wurin farautarsa. Cikin shekara biyu da suka biyo baya ya sa aka kawo bareyi wajen 220 aka saki. Babu kyarkeci a tsibirin, babu mai taɓa su sai sanyi da mafarauta. Zuwa farkon shekarun 2000 an ƙiyasta sun haura 100,000. Dajin tsibirin da ma na balsam ne galibi. Bareyin suka fara da ƙananan itatuwa masu faɗin ganye da masu 'ya'ya, suka share su, har masana na danganta ɓacewar baƙar beyar tsibirin, wata ƙatuwar dabbar daji, da rashin 'ya'yan itacen da take tara kitse da su kafin hunturu. Daga nan suka koma kan balsam. Manyan bishiyoyin sun fi ƙarfinsu, amma duk ɗan da ya tsiro a gindi ba ya kai ga gwiwa. Shekaru suka yi ta tafiya, tsofaffin na faɗuwa ɗaya bayan ɗaya ba magaji, farin sufurus da ba a so yana cike gurbin. Ba wanda ya dasa dajin sufurus, amma daji ya sauya kama a idon mutane.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a labarin shi ne ƙarshensa. Da balsam ya yi ƙaranci, bareyin suka dogara da bishiyar da iska ta kayar, da abin da ya kakkaɓo daga sama, suka kuma shiga cin sufurus ɗin da suka raina, da babu gara ba daɗi. Jikinsu ya ƙanƙance, sun fi 'yan'uwansu na babban yanki ƙanƙanta. Hukumomi kuma da suka tashi dawo da balsam ba su tsaya neman wani irin da barewa ba ta so ba. Sare wuri suke, su zagaye murabba'in kilomita da dama da waya, su sa mafarauta su rage bareyin da ke ciki, sannan su jira shekaru har dashen ya wuce baki.

Darasin ga mai eka goma shi ne, kafin sunan bishiya akwai yawan baki. An gwada wannan a dajin Allegheny na Pennsylvania, inda masu bincike suka killace filaye suka zuba bareyi da ƙidaya, wani wuri 4 a murabba'in kilomita, wani 8, wani 15, wani 25, suka sa ido shekara goma. Daga 8 zuwa sama lamarin ya fara lalacewa: ire-iren itatuwa na raguwa, tsirran da barewa ba ta ci na mamaye ƙasa su hana komai fitowa. Yankuna da yawa na gabashin Amurka sun ninka wannan adadi. Shi ya sa maƙwabta biyu a jihohi daban za su yi ta musu, wannan ya rantse farin fayin ba a taɓa shi, wancan ya ce nasa ɗari biyu ba ɗaya da ya kai bazara, kuma dukansu gaskiya suke faɗa.

Mai gona ba ya bukatar ƙidaya, ƙasar da kanta za ta gaya masa. Ya shiga kurmin da ke kusa ya durƙusa. In yana hango nesa ta ƙarƙashin itatuwa, fayau kamar an share masallaci, babu 'ya'yan itace masu tsawon gwiwa ko ƙugu, to wurin ba lafiya ba ne, komai kyansa a hoto. In kuma yana son shaida, ya kewaye taku uku da waya ya bar shi damina biyu. Bambancin ciki da waje yakan sa mutum ya riƙe baki.

Sai a ce to shi ke nan, a dasa sufurus a huta. Nan ne tsugune ba ta ƙare ba. Shuɗin sufurus na Colorado, wanda kowa ke sha'awa don launinsa, ɗan tsaunuka ne masu busasshiyar iska. In aka kawo shi gabas mai laima, yakan yi kyau shekara goma sha, sannan cututtukan fumfuna su kama shi daga ƙasa, rassa su yi ta mutuwa suna hawa sama. Ƙarshenta ka samu tsiraicin nan dai da ka guda, sai dai wannan karon ba barewa ce ta yi ba. Hemlok kuwa ko an kare shi daga baki, akwai wani ɗan ƙwaro mai farin gashi kamar auduga da ya shigo daga Japan, aka fara ganin sa a Virginia a 1951, wanda ya kashe hemlok ba adadi daga kudu zuwa arewa. Akwai kuma wata tuja da aka haɗa aure tsakanin ta Japan da ta yammacin Amurka, mai suna Green Giant, tana iya ƙara kusan mita guda a shekara, kuma lallai barewa ba ta rububinta kamar 'yar'uwarta. Amma masu sayarwa sun cika baki a kanta. A hunturu mai tsanani ana cin ta, kuma can arewa mai tsananin sanyi iska na ƙona ta.

Jan sida labarinsa daban ne. Ɗan ƙasa ne, yana jure fari da ƙasa mara kyau, tsuntsaye na son 'ya'yansa. Sai dai shi ne masaukin wata cutar tsatsa da ke yin rabin rayuwarta a jikinsa, rabi a jikin tuffa. Rikicin ya taɓa kai wa Kotun Ƙolin Amurka. Jihar Virginia ta yi doka a 1914 da ta ba da ikon sare jan sida in yana kusa da gonar tuffa, wani mai fili ya ƙi, a 1928 kotun ta ce jiha na da hurumin fifita tuffar maƙwabci a kan sidarsa. Har yau wanda ke da niyyar dasa tuffa, ko maƙwabcinsa na da ita, sai ya yi tunani. A filayen kiwo na Oklahoma da Kansas da Nebraska kuwa, wannan bishiya da aka yi ta rabawa don tare iska ta zama annoba, tsuntsaye na yaɗa irinta tana cinye makiyaya.

Wanda ya fi tsira daga duk wannan a arewa maso gabas da yankin manyan tabkuna shi ne sufurus na Norway. Baƙo ne daga Turai, amma ya daɗe har ya zama ɗan gida. Shi ne galibi ake kafawa a dandalin Rockefeller na New York lokacin Kirsimeti. Yana saurin girma, yana jure ƙasa iri-iri, rassansa na sauka har ƙasa. Aibinsa girma: wanda ya dasa shi taku biyar daga ɗaki ko ƙarƙashin wayar lantarki, jikokinsa za su biya masu sara. Farin sufurus ya fi shi jure sanyi, ya fi shi jinkiri. Kuma dukansu sai an dubi ƙasa. Fayin na son jigawa mai tsane ruwa, in ka sa shi a laka mai riƙe ruwa saiwarsa ruɓewa take, barewa ba ta ma samu rabonta ba.

Ni dai a ganina, babban kuskuren shi ne a ɗauka cewa kariya halin bishiya ce. Kariya tsawo ce. Barewa na kai baki mita ɗaya da rabi zuwa kusan biyu, in ta miƙe a ƙafafun baya ko ƙanƙara ta yi mata tudu ta ɗara haka. Duk bishiyar da kanta ya wuce nan, wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa. Yaƙin duka na shekara biyar ne zuwa bakwai na farko, kuma a jikin ɗan dashen ma wuri guda ake faɗa a kai: tohon ƙololuwa. Irin waɗannan bishiyoyi da kai ɗaya suke hawa. In aka ci rassan gefe, an rage mata ƙarfi ne kawai. In aka cire tohon sama, girman shekara guda ya tafi, rassa biyu ko uku su shiga takarar zama kai, bishiya ta fito da kai biyu. A maimaita haka shekara uku, sai ka samu wani dunƙulallen kurmi mai tsawon gwiwa wanda shekarunsa sun kai goma.

A Minnesota, inda ake ƙoƙarin dawo da farin fayin bayan saran da aka yi masa a ƙarni na 19, dabarar da suka dogara da ita har kunya take ba mutum don sauƙinta. Cikin Oktoba, kafin ƙanƙara ta sauka, mutum zai rataya jaka cike da 'yan takardu masu girman tafin hannu, ya riƙe abin maƙala takarda irin na ofis. Ya tsaya kan ɗan fayin, ya naɗe takarda a kan tohon sama kamar ana ɗaura wa jariri hula, ya danna ƙarfen sau biyu ko uku, yana haɗawa da 'yan ganye don iska kar ta ɗauke, ya bar saman a buɗe yadda toho zai fita da bazara. Ya wuce na gaba. Wanda hannunsa ya faɗa yakan yi ɗaruruwa a yini. Barewa ta zo ta sunsuna, ta ji takarda, ta ɗan ci na gefe ta wuce. Kowace kaka sai an sake, har bishiya ta fi mai ita tsawo. In ka hango fili a Nuwamba, fararen huluna jere har iyakar gani, sai ka ce makarantar allo ce aka tashi.

Amma ko an wuce baki, saura ƙaho, kuma nan ne mutane da yawa ke shan mamaki. Ƙahon namiji yana tsirowa ne lulluɓe da wata fata mai laushi. Wajen ƙarshen Agusta zuwa Satumba fatar ta bushe, sai ya nemi ɗan itace ya goge. Daga nan har lokacin barbara a Nuwamba yana ta gurzar itatuwa, yana barin warin goshinsa don sauran maza su san da zamansa. Abin da yake nema shi ne itace mai kaurin sandar makiyayi zuwa damtsen yaro, mai ɗan lanƙwasa, in da hali mai ƙamshi. Wato dai daidai bishiyar da ka yi shekara shida kana reno, wadda ka cire wa kariya bara don ka ga ta girma. Dare ɗaya ya isa. In ya saɓule ɓawon gefe guda za ta warke da tabo. In ya zagaye ta, hanyar abinci tsakanin ganye da saiwa ta yanke, sama ya mutu. Ƙaho bai san jerin Rutgers ba; ɗacin ganye bai dame shi ba tunda ba ci zai yi ba. Abin da ke taimaka wa sufurus a nan shi ne rassansa na ƙasa da suka rufe gindi, don haka mai hankali ba ya yi masa sassabe don kwalliya.

Daga nan maganar ta koma lissafin aljihu. Gandunan renon itatuwa na gwamnatocin jihohi da hukumomin kula da ƙasa na gundumomi suna sayar da dashe da bazara, dami-dami, saiwa tsirara ba ƙasa, da arha ƙwarai. A takardar oda za ka ga lambobi irin 2-0 ko 2-2: na farko shekarun da ya yi a inda aka shuka iri, na biyu shekarun da ya ƙara bayan an sake masa wuri don saiwa ta yi kauri. Arahar nan ita ke ruɗin sabon shiga. Ya ga ɗari biyar ba su kai kuɗin tayar mota ba, ya kwasa, ya kwana biyu yana dasawa bayansa na ciwo, ko keji ɗaya bai tanada ba. Kejin waya mai tsawon mita ɗaya da rabi da turken ƙarfensa ya ninka kuɗin dashen sau da yawa, kuma shi ne ainihin farashin bishiyar. Da ɗari biyar a sake gara hamsin a killace. Bututun roba da ake sa wa itatuwa masu faɗin ganye bai dace da waɗannan ba, don yana matse rassa ya tara zafi. Shinge na zagaye fili kuwa sai ya kai ƙafa 8, kusan mita biyu da rabi, in ba haka ba tsallakewa take kamar wasa, kuma a ƙasa ma sai an toshe, domin ta fi son rarrafawa ta ƙarƙashi in ta samu kafa. Magungunan fesawa, waɗanda aka fi yi da ruɓaɓɓen ƙwai ko kitsen tumaki, suna aiki gwargwado, amma sai an yi ta sabuntawa, kuma lokacin da aka fi bukatarsu shi ne lokacin da sanyi ke hana fesawa. Sabulun da ake ratayewa da gashin da ake kwasowa daga shagon aski sukan yi kwana kaɗan kafin ta gane ba kowa a wurin.

Wannan lissafi ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya ga bikin dashen itatuwa a damina, ya koma wurin a watan Maris ya tarar da ramuka, ya san inda gizo ke saƙa. A kwarin Majiya na jihar Tawa a Nijar, inda aka fara jera darbejiya layi bibbiyu don tare iska a 1975, abin da ya raya aikin har da masu gadi da aka ɗauka su hana dabbobi shiga har itatuwan su tasa. Darbejiya ɗaci gare ta, amma akuyar bazara ba ta tambaya. Bambancin kawai, akuya tana da mai ita, ana iya kai ƙara wurin mai unguwa. Barewar Amurka ta jiha ce, ba ka da ikon taɓa ta sai da lasisi, a lokacin da aka ƙayyade, da adadin da aka yanka maka.

Nan ne siyasar take. Rage garke sai da harbin mata, don namiji ɗaya ya isa mata da yawa. Amma mafarauta da dama sun gaji ƙyamar harbin mace tun zamanin da ake lallaɓa dabbar, kuma suna son su fita su ga bareyi birjik. Kuɗin lasisinsu ne ke riƙe da hukumomin namun daji. Gary Alt, masanin da Pennsylvania ta ɗora wa gyaran lamarin a ƙarshen shekarun 1990, ya zagaya jihar yana lallashin mafarauta su yarda a rage mata, ya sha zagi da barazana har yakan sa rigar sulke zuwa taro, daga baya ya ajiye aikin. Mai eka goma ba shi da ta cewa a wannan fage, illa ya bar amintaccen mafarauci ya shiga filinsa da sharaɗin ya ɗauki mace. Ko hakan ma in maƙwabcinsa na zuba masara a bayan gida don 'ya'yansa su ga bareyi ta taga, aikin ya zama ɗiban ruwa da kwando.

Da ni ke da filin, sufurus na Norway da farin sufurus zan sa a layin waje, inda iska da baki ke fara isa, in ba su tazara sosai don rassan ƙasa kar su mutu da inuwa. Amma ba zan tsaya nan ba, don katangar iri ɗaya cuta ɗaya ke kwashe ta, kuma in kowa ya dasa abin da barewa ta ƙi kaɗai, karkarar gaba ɗaya za ta zama Anticosti da hannun mutane. A ciki zan sa farin fayin da hularsa ta takarda, da holi in sanyin wurin bai yi yawa ba, da 'yan farin sida a kusa da gida cikin keji, inda kare ke kwana. Kejin nan kuma ba zan yi gaggawar cirewa ba. In kai ya wuce baki zan buɗe shi in faɗaɗa, in bar shi a gindi har itacen ya fi ƙarfin ƙaho, ina dubawa duk bazara kar waya ta nutse cikin ɓawo.